Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga magabatan birnin Yamai: a ba masu ƙira da sassaƙa lambu ɗaya

Zuwa ga mai girma shugaban hukumar birnin Yamai, da magabatan gundumomi biyar na birnin,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, da addu'ar Allah ya taya ku riƙon wannan gari, ga abin da ke tafe da ni.

Ina roƙon ku ware lambu ɗaya a cikin Yamai, mai inuwa, wanda ake shiga ba tare da an biya ko dala ba, ku ce wannan wuri na aikin hannun ƴan ƙasa ne: maƙera, masu walda, masu zubin tagulla, masassaƙan dutse da na itace, da mata masu ginin tukwane. A kafa ayyukansu a fili, manya-manya, waɗanda aka yi domin su daɗe, kowane da sunan mai shi a gindinsa. A biya su haƙƙinsu kamar yadda ake biyan ɗan kwangilar da ya zuba kwalta. Kuma tun ranar farko a sa kuɗin kula da wurin cikin kasafin kowace shekara.

Ni malamin ƙira da walda ne. Na gaji maƙera a gida, na ƙara da ta makaranta, yanzu ina koyar da samari. Don haka maganata ta mai riƙe da guduma ce, kuma abin da na fi sani shi zan fi daɗewa a kai.

Hannun da zai yi wannan aiki yana cikin garin nan, ba sai an nemo shi daga nesa ba. Duk wanda ya ratsa kasuwar Katako ya ga yadda ake narka gwangwani da tarkacen injin mota, a zuba cikin yashi, tukunya ta fito. Ya ga yadda tsohuwar tano ke komawa akwatin ƙarfe, ko murhu, ko butar ban ruwa. A Gidan Tarihi na Bubu Hama, wanda aka buɗe tun 1959, akwai rumfunan da maƙeran azurfa da dukawa da masassaƙa ke aiki a gaban idon mai kallo. A ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata ma haka. Matan Bubon, a bakin kogi, suna gina tulun da ya kusa kai ƙugun mutum, da hannu, ba injin juyi, su gasa shi bai tsage ba. Akwai kuma ƴan uwanmu guragu masu walda, waɗanda ke ƙera kekunan da suke hawa da kansu, kuma ɗinkin ƙarfensu ba ya jin kunyar na kowa.

To amma ina ayyukan waɗannan mutane suke zuwa? Abin da ya shafi kwalliya da gwaninta, kusan duka an yi shi ne daidai jakar baƙo. Ɗan raƙumin dawa na tagulla mai tsawon tafin hannu, ƴar sarƙa, ɗan akwatin fata. Baƙo ya saya, ya tafi da shi ƙasarsu. Shekara da shekaru ana haka, har mai sana'a ya saba da tunanin ƙaramin abu, domin shi ke fita. Da baƙi suka ja baya saboda halin tsaro, sai ga gwanaye zaune, kaya sun yi ƙura, yaransu sun watse zuwa kabu-kabu. Wannan ne ke ci mini rai. Yaron da aka haifa a Bukoki ko Talaje ko Harobanda yana iya girma har ya yi aure bai taɓa tsayawa gaban wani babban aiki da ɗan unguwarsu ya yi ba, ya ɗaga kai ya ce: ashe namu ma na iya wannan. Samarin da nake koyarwa suna zuwa da tunanin cewa iyakar walda ita ce ƙofa da taga da gadon ƙarfe. Ba laifi, da su ake cin abinci, ni ma da su nake ci. Amma a cikinsu akwai waɗanda idan an tashi aiki sukan tsinci guntayen rodi da tsohuwar sarƙar babur su harhaɗa wani abu da zai sa ka tsaya ka sake kallo. Irin wannan yaro ba ya da inda zai kai abin da ya yi. Ƙarshenta a sayar da shi a kilo.

Ranku ya daɗe, za a ce muku wannan al'adar wasu ce. Tarihin ƙasar nan bai yarda da haka ba. A Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin dutse, babban ya haura mita 5, kuma masana na ƙiyasta shekarunsu tsakanin 6000 zuwa 8000. Mutanen da suka yi su ba su da ƙarfe, da dutse suka ci dutse, kuma suka fitar da kowane tabo na jikin dabbar. A fili suka yi aikin, rana da iska na dukansa tun daga lokacin, yana nan. A Bura, cikin jahar Tilaberi, an ci karo da kayan yumɓu a 1975, daga baya marigayi Bube Gado da abokan aikinsa suka yi tono a 1983, aka fito da tuluna da kawuna da mahayin doki na gasasshiyar laka, aikin mutanen da suka rayu tsakanin ƙarni na 3 da na 13. Da yawa daga kayan Bura ɓarayin tarihi sun haƙe su sun fitar, yau suna cikin ɗakunan masu kuɗi a Turai da Amurka, jikokin masu su ba su taɓa ganinsu ba.

Sai kuma itacen Tenere, wanda kowane ɗan makaranta ya san labarinsa. Itacen ƙaya ne guda ɗaya tak a tsakiyar hamada, ba wani kusa da shi sai an yi tafiya mai nisan gaske, saiwoyinsa sun nitse fiye da mita 30 suna neman ruwa. Ayarin gishiri na Bilma da Fashi da shi suke gane hanya. A 1973 wata babbar mota ta buge shi, aka kwaso gangar jikinsa aka kawo Yamai, tana nan cikin Gidan Tarihi. Me aka kafa a gurbinsa? Itacen ƙarfe, wanda aka harhaɗa da bututu da tarkace. Ni a wurina wannan shi ne aikin walda mafi daraja a ƙasar nan, ko da yake ba wani ado gare shi ba. Mutane sun rasa abin da suke ƙauna, suka ɗauki ƙarfe suka tsayar da shi a wurin domin kada a manta. Abin da nake roƙo a yi a lambun Yamai ke nan, da hannun gwanaye, da natsuwa.

Maƙwabtanmu sun bi hanyoyi biyu, kuma ya kamata a dube su duka kafin a yanke shawara. A Dakar an ƙaddamar da wani katafaren aikin tagulla a 2010, tsawonsa mita 49, kamfanin Koriya ta Arewa ne ya gina shi, a ƙasar da ta haifi gwanin sassaƙa Usman So, mutumin da a 1999 ya jera ayyukansa bisa wata gada a birnin Paris jama'a suka yi ta tururuwa. A Kwatano an kafa mace mayaƙiya mai mita 30 a 2022, aikin wani gwani ɗan ƙasar Sin. Ayyuka ne masu girma, ba na raina su. Amma idan aka gama irin wannan, kuɗin ya tafi, ilimin ma ya tafi tare da masu shi. Ranar da wani wuri ya tsage, sai an sake kiran su. Hanya ta biyu tana nan kusa da mu, a Burkina Faso. A Lawongo, tafiyar kilomita talatin da wani abu daga Wagadugu, wani masassaƙi ɗan ƙasar mai suna Siriki Ki ya fara tara abokan sana'arsa a 1989, suka shiga sassaƙa duwatsun da ke kwance a dajin, kowane a inda Allah ya ajiye shi. Bayan lokaci-lokaci a sake haɗuwa, ƴan gida da baƙi, a ƙara wasu. Yau wurin ya zama abin zuwa gani, ana kai ƴan makaranta, kuma samarin da suka fara da miƙa wa manya kurfi da guduma sun zama masu sassaƙa da kansu. Tun da muka haɗu da Burkina da Mali cikin ƙawancen ƙasashen Sahel, wato AES, a 2023, ba abin da zai hana a aika mutum uku ko huɗu su je su zauna da mutanen Lawongo, su ji yadda suka fara da kuma inda suka sha wuya.

Mu ma muna da namu misalin a jahar Tawa. A Yama, wani magini ɗan ƙauye, Falke Barmu, ya gina masallacin laka da ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji, mai zanen gine-gine Mariyama Isufu Kamara ta tsara kasuwa a 2018, ta kewaye wani tsohon itace da rumfuna, aka yi musu laimomi masu launi da ƙarfen da aka sake sarrafawa. Mai sayar da albasa na zaune ƙarƙashinsu yana ciniki, kuma abin kallo ne. Yamai kanta ta taɓa karɓar gasar sassaƙa, lokacin wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a Disamban 2005. An yi taron, an watse, ba a samu wurin da zai riƙe wannan zafin ba.

Yanzu bari in zo kan maganar da na san ita ce za ta fara fitowa daga bakin jama'a, kuma tana da nauyi: maganar addini. Ni Musulmi ne, a gidan malamai na yi karatun allo, kuma ban ɗauki wannan damuwa da wasa ba. Hadisan da suka yi gargaɗi a kan sura mai rai suna nan, ingantattu ne, ba wanda zai share su domin yana son kwalliyar gari. Wanda ya ce yana tsoron a kafa abin da zai yi kama da gunki a tsakiyar garin Musulmi, bai faɗi abin dariya ba, kuma bai kamata a kira shi baƙauye ba. Amma a cikin littattafan nan guda, Buhari da Muslim sun kawo labarin mutumin da ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya ce da yin sura yake ciyar da iyalinsa. Ɗan Abbas ya gargaɗe shi, sannan ya nuna masa mafita, cewa in ya zama dole ya yi, to ya yi itatuwa da abin da ba ya da rai. Wannan ƙofa faɗi gare ta ƙwarai, kuma kakanninmu ta nan suka bi. Dubi zanen da ke fuskar gidajen Birni a Damagaram. Dubi sarƙoƙin azurfa na Agadas da Ingal da Tawa da sauran garuruwa, kowane gari da siffarsa. Dubi zanen ƙwarya, da saƙar tera-tera, da adon sirdi, da zayyanar allo ranar saukar karatu. Duk wannan gwaninta ce da ba ta taɓa haddasa gardama a masallaci ba.

Ku yi tunanin lambun da aka cika da irin waɗannan, an ɗaga su sun yi girma. Jirgin masunta na kogin Isa, an ƙera haƙarƙarinsa da ƙarfe, yara na ratsawa ta cikinsa. Dagi mai tsawon mutum uku. Rumbun hatsi na gasasshiyar laka. Takobin kokowa, wanda aka fara gasarsa a Tawa a 1975, an kafa shi da sunayen jahohi takwas a jikinsa. Faifai, gurumi, kalangu, bakan maharbi. Bango mai harufan ajami da na Tifinag, rubutun Abzinawa, an huda su a jikin farantin ƙarfe, rana na ratsawa tana rubuta su a ƙasa. Gawo na ƙarfe kusa da gawo na gaske. Ni a nawa aikin nan na tsaya, ban wuce ba, kuma ban taɓa jin an ƙuntata mini ba. Na san akwai abokan sana'a da ke ƙera dabbobi da mutane, suna da tasu fahimtar. Abin da nake ba da shawara shi ne, kafin a kafa ko da ƙusa ɗaya, ku kira malamai na ɓangarori daban-daban da masu sana'ar, a zauna ɗaki guda, a shata iyaka a fili, a rubuta ta. Aikin da aka kafa da yardar unguwa, unguwa ce za ta tsare shi. Wanda aka kafa da dare, jama'a suka wayi gari suka gan shi, ko an sa masa mai gadi ba zai yi kwana mai daɗi ba.

Magana ta biyu ita ce ta kuɗi. Za a ce ana fama da tsadar shinkafa, ga sojojinmu a daji, ga magudanan ruwa na jiran gyara, wa ke ta sassaƙa? Tambaya ce ta gaskiya. Amsata ita ce, ba katafaren abu nake roƙo ba. Ayyuka biyar ko shida a shekarar farko sun isa, a ƙara kaɗan-kaɗan kowace shekara. Kuma a duba inda kuɗin zai faɗa: wurin mai sayar da tsohon ƙarfe a Katako, wurin mai amalanke, wurin mai gawayi, wurin magini, wurin yaran shago da za su samu watanni suna aiki suna koyo, wurin matar da ke kawo musu abinci. Ba jika ɗaya da za ta ƙetare iyaka in ban da ta fenti da sandar walda. Akwai ƙasashen da suka sa doka cewa duk babban ginin gwamnati, a cire kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗinsa a ba masu fasaha, Faransa na yin haka tun 1951. Yamai ta ga manyan ayyuka cikin shekarun nan, gadoji bisa kogi, gadojin sama, manyan otal da zauren taro da aka yi domin taron Tarayyar Afirka na 2019. Da an ware ko rabin wannan kashi a kowane ɗaya, da lambun da nake magana ya cika tuni. Abin da ya wuce ya wuce, amma gine-gine ba su ƙare ba. Ƴan kasuwa da bankuna da kamfanonin waya ma suna iya ɗaukar nauyin aiki ɗaya-ɗaya, da sharaɗin sunansu ya tsaya a ƙaramin allo, kada a shafe aikin da launin tallarsu.

Ga kuma abin da na fi sani, wanda in aka yi sakaci da shi duk sauran zance banza ne: yadda abu ke rayuwa a filin Yamai. Garin nan ba ya tausayin kayan da aka bari waje. A watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a inuwa, ƙarfen da ke cikin rana kuwa yana iya ƙona tafin hannun yaro. Don haka duk aikin ƙarfe da hannu zai kai gare shi, ƙarƙashin itace ya kamata ya zauna, ko a ɗaga shi sama. Da hunturu ƙura na cin fenti tana shiga kowane lungu. Da damina iskar da ke gaban hadari na tumɓuke allunan talla da rufin kwano, to aikin da ke da faɗi kamar tabarma dole a huda shi iska ta ratsa, a kuma binne gindinsa cikin kankare mai zurfi, injiniya ya duba lissafin kafin a zuba. Bututun da aka rufe bakinsa yana tara ruwa a ciki, ya ci kansa da tsatsa daga ciki ba wanda ya gani, sai ranar da ya karye. Maganinsa ƴar huda ce a ƙasa, wadda ba ta cin minti biyar, amma sai wanda ya sani. Kafin fenti a kankare ƙarfe sarai, a shafa jan maganin tsatsa, sannan launi, kuma a sake shafawa bayan ƴan shekaru. Bakin kowane faranti a goge shi da injin gurza har ya daina yanka.

Itace kuwa gara ce abokiyar gabarsa. Kirya na jurewa, shi ya sa ake turmi da ita, amma ko ita kada ta taɓa ƙasa, a ɗora ta bisa dutse ko ƙarfe. Kuma kada a sare itace mai rai domin wannan aiki, akwai manyan kututture da iska ke kayarwa kowace damina, a riƙa ajiye su. Siminti bisa ƙashin rodi da raga yana da araha, yana ba da siffa yadda ake so, amma in rodin ya yi kusa da fata, ruwa na kai masa, ya kumbura ya fasa simintin. Tagulla ta fi kowa daɗewa. Masu zubinmu sun iya ta tun kaka da kakanni: a gina siffa da kakin zuma, a lulluɓe ta da yumɓu da aka cuɗa da kashin jaki, a gasa kakin ya tsiyaye, a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa, in ta huce a fasa yumɓun. Sai dai tagulla na da kuɗi a kilo, ɓarawo ya sani, don haka a kafe ta da ƙusoshin da aka narke kawunansu, kuma a sa ta inda fitila take. Dutse shi ne mai sauƙin riƙo, ba tsatsa, ba gara, ba mai iya ɗauka, kuma yammacin ƙasar nan, wajen Tera, akwai shi.

Na kawo waɗannan ne domin ku ga cewa kula da wurin ba abu ne da za a bari sai daga baya ba. Duk mun san yadda kayan ado na gari ke ƙarewa a ƙasashenmu: a yi su da gaggawa saboda wani biki, a yanke ƙyalle, bayan damina biyu fenti ya ɓare, famfo ya ƙafe, awaki su shiga. Hanyar kauce wa haka ita ce a rubuta cikin yarjejeniya cewa wanda ya yi aikin shi zai riƙa zuwa duba shi sau ɗaya a shekara, bayan damina, a biya shi ɗan abin da aka yanka. Ba wanda zai kula da aiki kamar mai shi, musamman in sunansa na jiki.

Sunan nan ina so in ƙara jaddada shi. A rubuta sunan mai aikin, da garinsu, da shekarar da ya yi shi, da abin da ya yi amfani da shi, da Hausa da Zabarmanci da Faransanci. In yaran shago sun taimaka, a sa nasu a ƙasa. Ba mu san sunan wanda ya sassaƙa raƙuman Dabus ba, ba mu san wanda ya gina mahayin Bura ba, amma na yau muna iya sani, kuma ɗan ƙaramin allo ne kawai.

Wajen zaɓen masu aiki, ina roƙon a sauƙaƙa. Mafi yawan gwanayen da na sani ba za su iya cika takarda mai shafi goma da Faransanci ba, kuma in aka ce sai da ita, aikin zai faɗa hannun masu iya rubutu su kuma su ɗauki gwanin haya da ƴan kuɗi kaɗan. A yi shela a rediyo da harsunan ƙasa. Kowa ya kawo ɗan samfurin abin da yake son yi, wanda bai wuce kamu ɗaya ko biyu ba, ya tsaya ya yi bayani da bakinsa. A baje samfuran a wuri ɗaya mako guda jama'a su gani. Masu yanke hukunci su haɗa da tsohon maƙeri, da mace mai ginin tukwane, da malami, da injiniya, da mai koyar da zane, kuma duk wanda ɗan uwansa ko yaronsa ke cikin masu nema ya fita daga ɗakin. A buɗe ƙofa ga ƴan Maraɗi da Doso da Difa da Agadas da sauran jahohi, tun da Yamai ta kowa ce. Wanda aka zaɓa a ba shi kafin alƙalami ya sayi kaya, domin mai sana'ar hannu ba ya da jarin da zai yi wata huɗu yana aiki da aljihunsa. Sauran a biya shi kashi-kashi, na ƙarshe ranar da aka kafa. Mata kada a bar su a rumfar sayar da abinci kawai. Kujerun zama, da ginshiƙai, da manyan randunan da za a jera, aikin matan Bubon da na Mirya ne.

Zancen wuri, ku kuka fi ni sanin filayen da ke hannun hukuma. Akwai kwarin Guntu Yena da ya ratsa tsakiyar gari, akwai bakin kogi ta Yantala da Gamkale, akwai kuma dajin dogon yaro da aka fara dasawa a 1965 domin ya yi wa birnin ɗamara, wanda gidaje da shara ke ci kaɗan-kaɗan. Ni da za a tambaye ni, wani yanki na wannan daji zan nuna, domin inuwa ta riga ta samu, kuma wurin da mutane ke zuwa da iyalansu kowace yamma ya fi wuyar cinyewa. In bakin kogi aka zaɓa, a tuna ambaliyar 2020 da ta 2024, a hau sama da inda ruwa ya kai. Ko ina ne, ya zama inda faba-faba ke kaiwa. A sa famfo, da makewayi na maza da na mata, da ɗan wurin salla, da fitilu masu aiki da hasken rana, da hanyar da keken guragu zai bi ba tare da an ɗauke shi ba. Masu kilishi da kopto da ruwan sanyi a ba su gefe guda mai tsabta, kada a kore su, da su wuri ke yin rai. Kuma kada a rubuta “kar a taɓa”. A yi ayyukan da ƙarfin da za su jure hannun yara, makaho ma ya shafa ya san abin da ke wurin.

Gidan Tarihi na yin nasa ƙoƙarin, kuma wannan lambu ba kishiyarsa ba ne. Can ana adana abin da aka gada, ana biyan kuɗin shiga, ana rufewa. Nan kuwa aikin masu rai ne, a buɗe, inda mai tura baro zai iya zama ya huta bayan la'asar.

Ranar 3 ga Agusta kowace shekara muna dasa itatuwa. In kun amince, a shata filin kafin damina, a yi dashen bana a cikinsa, gawo da tsamiya da maɗaci da aduwa. A yi zaman malamai da masu sana'a da shelar samfura cikin watannin da ke biye, masu aiki su samu sanyin hunturu su yi ƙira, a kafa ayyukan farko kafin zafin bazara. Ni da yaran shagona mun ɗauki nauyin ƙera allunan sunaye da kujeru goma na farko, kuɗin ƙarfe kawai za a ba mu. Akwai abokan sana'a da dama da suka ce in an kira za su zo da samfuransu. Muna roƙon ku sa mana rana mu zo ofis mu yi bayani baki da baki.

Allah ya ba ku ikon riƙe amana, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalam,
Malamin ƙira da walda, Yamai